Inna Gudiya da Man Tsamiya

Idan ka shiga Jega Sabon Gari ka ce kana neman gidan Shehu mai albasa, sai an tsaya ana tambayarka wane Shehun, don masu wannan suna da wannan sana'a suna da yawa. Amma da ka ce gidan Inna Gudiya mai man faso, duk wanda ka tara zai nuna maka lungun. Ni katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Tun ina amarya nake jin ƙarar muciyarta a cikin tukunya da ƙamshin man kaɗe yana tsallako mini, yanzu kuwa har na aurar da 'ya.

A Gumbin Kure aka haife ta, cikin ƙasar Maiyama. Mahaifiyarta, Fatimatu, mai sabulun toka ce, kuma a gindinta Gudiya ta fara sanin cewa akwai ruwan da kan yi kama da ruwan sha amma ya ci hannu. Ta sha ba mu labarin ranar da ta tsoma yatsa a ruwan toka don ta ga ko da gaske ne, uwar tana kallonta ba ta hana ba. Da yatsan ya fara raɗaɗi ta ruga tana kuka, sai uwar ta kama hannun ta tura cikin randa, ta ce, "To, yanzu kin sani." Idan Inna Gudiya ta zo nan a labarin takan yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

Da ta isa aure aka kai ta Sabiyal, gidan Shehu, manomin albasa. Duk wanda ya san aikin albasa ya san abin da yake yi wa ƙafa. Mutum ya wuni cikin ruwa da laka yana ban ruwa, ya fito iska ta busar da shi, gobe ya koma. Dugadugan Shehu sukan tsage har jini ya fito. Wata rana ta same shi zaune a bakin rumbu da allura da zare yana ɗinke fason ƙafarsa kamar mai ɗinkin buhu. Ta ce abin ya tsaya mata a rai. Ta tuna uwarta kan jiƙa tsamiya ta wanke hannu da ita bayan aikin sabulu, hannun ya yi laushi. Sai ta jiƙa tsamiya ta tace, ta narka man kaɗe da ɗan kakin zuma, ta yi ta bugawa da muciya har suka haɗe. Karon farko ruwa ya ware gefe, mai ya ware gefe. Ta sake, ta kuma sakewa, har ta gano yadda za ta riƙa ɗiga ruwan tsamiyar kaɗan kaɗan tana bugawa ba tsayawa.

Ƙafar Shehu ta warke. Abokan lambunsa suka gani suka aiko matansu. Daga nan aka fara.

Da Shehu ya rage noma ya koma sayen albasa yana lodawa kudu, suka dawo Jega da zama, ita kuma ta taho da tukunyarta. Ba ta taɓa yin mai da yawa a lokaci ɗaya ba, don ta ce abin da aka sa wa ruwan tsamiya ba ya jimawa, yakan yi fumfuna. Mai saye kuma ba ya tafiya sai ya sha faɗa. Takan ce, "Cire takalmin in gani. Haba! Wagga ƙafa taki ce ko ta aro? Ki jiƙa ta ga ruwan ɗumi tukuna, ki goge da dutse, sannan ki shafa. In kinka shafa bisa datti kada ki ce mai na Gudiya ne." Mata suna fita suna dariya, kuma suna dawowa.

Abu ɗaya ne ba ta yi, shi ne man ƙara hasken fata. Ita baƙa ce wuluk, fatarta na sheƙi, kuma ba ta ga abin gyara a ciki ba.

Umaima ce autarta. Yarinya ce mai kaifin kai da zafin nema, kuma tana son uwarta ƙwarai. Da ta gama sakandare ta ce ba za ta zauna tana kallon Inna na zuba mai a gwangwanin madara ba. Ta sayo 'yan robobi masu murfi, ta ɗauki hoton man da waya ta baza wa ƙawaye. Ta sa aka buga mata sitika mai kyau, wadda ta kwaikwayo daga jikin wani man waje da ake ji da shi: launi iri ɗaya, hoton ganye iri ɗaya, sunan ma haruffa kaɗan ta sauya. Ciniki ya buɗe. Ana aikowa daga Aliero, ana aikowa daga Maiyama. Inna Gudiya tana mita a baki cewa an mayar mata da gida kanti, amma ni na sha ganinta tana juya robar a hannu tana murmushi idan ta zaci ba mai kallo.

A waya Umaima ta haɗu da wani ɗan kasuwa mai suna Sharif, wanda kan zo Jega ranar kasuwa da kayan haɗa man shafawa. Mutum ne mai tsabta da daɗin baki. Ya zo har zauren gidan, ya gaida Shehu, ya fito da wata farar kwalba mai ruwa garai garai. Ya ce asid ne, amma ba irin na batir ba, irin wanda ke cikin rake da 'ya'yan itace ne, ɗan'uwan abin da ke cikin tsamiya, sai dai an tace shi ya fi ƙarfi nesa. Ya ce abin da tsamiya za ta yi a wata, wannan zai yi a 'yan kwanaki, kuma yana goge tabo da duhun wuya.

Inna Gudiya ta sunsuna kwalbar daga bayan labule ta mayar. Ta ce, "Abin da ba shi da wari ba shi da launi, ta ina za ni san ya isa?"

Umaima ta ce, "Inna, kowa shi yake sawa yanzu. Cokali kaɗan ne."

Inna ba ta ce e ba, ba ta kuma ce a'a da ƙarfi ba. Ta ce dai kada a taɓa mata tukunyarta. Umaima ta ɗauki wannan a matsayin izini. Ta sami tata tukunyar, ta haɗa nata man, ta zuba asid da cokalin shayi yadda ta ga ana yi a waya, da ta ga kamar ya yi kaɗan ta ƙara. Ta zuba a robobi iri ɗaya da na uwarta, da sitika iri ɗaya. Da farko yabo ya yi ta zuwa. Kaushi yana saɓulewa kamar ɓawon rogo.

Lokacin bazara ne, zafin Jega ya kai inda yake kaiwa. Wata hantsi ina shanya sai na ji sallama da kuka a gidan Inna. Na leƙa. Hamida ce, wata mai ɗinki da ke bayan layinmu, yarinya mai kunya wadda ba ka cika jin muryarta ba. Ta yaye mayafi, sai ga wuyanta da gefen kumatunta sun yi jajir, wani wurin ya tashi ya yi ruwa. Ta ce man ya kusa ƙarewa, sai ta ga wani ruwa ruwa a gindin robar, ta lakato ta shafa a wuya da fuska don duhun da ke damunta, ta fita kai ɗinki cikin rana. Kafin ta dawo ji take kamar an watsa mata barkono.

Ban taɓa ganin fuskar Inna Gudiya kamar ranar ba. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta nemi wanda ya yi laifi ba. Ta kama Hamida ta zaunar da ita a bakin rariya, ta ce da Umaima, "Ɗebo ruwa. Kada ki tsaya." Suka yi ta kwarara mata ruwan randa a wurin, buta bayan buta. Wata maƙwabciya ta ce a shafa man ja, wata ta ce ƙwai. Inna ta ce ba abin da za a ƙara wa wannan fata sai abin da likita ya ce. Ta yafa mayafi, ta tare mai keke napep, ta kai Hamida asibiti da kanta, ta zauna a benci har aka duba ta aka ba ta magani. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ƙuna ce, an yi dabara da aka wanke da wuri, amma sai an kiyaye rana, kuma mai yiwuwa tabo ya ɗan jima.

Da suka dawo, Umaima na tsugune a tsakar gida ta haɗa kai da gwiwa. Inna ta zauna kusa da ita. Ina jin su ta kan katanga.

"Wa da wa kinka sayar ma wanga mai?"

"Inna, ki yafe mini."

"Wannan daga baya. Yanzu faɗa mini mutane."

Umaima ta buɗe waya tana karanto sunaye cikin kuka. Wasu a Jega, wasu a Sabiyal, wasu har Gumbin Kure. Ta ce za ta tura musu saƙo su daina shafawa. Inna ta ce ta tura, amma saƙo ba ya ɗauke roba daga kan taga. Wata ba ta karatu, wata wayar ta mijinta ce, wata za ta ce ai ita bai yi mata kome ba, ta ba ɗiyarta.

Washegari Shehu ya fasa zuwa lodi. Ya fito da tsohon mashin ɗinsa, Inna ta hau baya da buhu a cinya, cike da man tsamiya na asali da ta kwana tana bugawa. Mace ce mai jiki, kuma ta tsani mashin. Shehu ya ce tun daga Jega har Sabiyal ba ta daina ba shi umarni ba, ta ce ya rage gudu, ta ce ya kauce wa rami, ta ce ashe haka yake tuƙi shi ya sa albasarsa ke isa a daddauje. Gida gida suka bi. Ta yi sallama, ta shiga, ta ce, "Man da anka kawo maki daga gidana, ba ni shi. Akwai kuskure ciki. Ga wani." Ba ta ce Umaima ce ta haɗa ba. A ko'ina cewa take daga gidanta ya fito.

Yawanci sun bayar ba musu. Wata a Sabiyal ta nuna mata bayan hannunta da ya fara saɓa, ta ce da ma tana mamaki. Amma a Gumbin Kure suka gamu da wata tsohuwa, ƙawar marigayiya Fatimatu, wadda ta ɓoye robarta a ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai. Ta ce ita duk rayuwarta ba ta taɓa samun abin da ya ci kaushinta kamar wannan ba, kuma ba mai raba ta da shi.

Inna ta durƙusa ta ce, "Iya, ƙafarki ta jure. Jikokinki fa? In wata ta lakata ta sa ga ido?"

Tsohuwa ta ce jikokinta ba su taɓa mata kaya.

Inna ta ce to ita ma ba za ta tashi ba. Ta zauna, aka kawo fura ta sha, aka yi hirar mutanen da, aka yi azahar. Shehu na waje a gindin bishiyar bedi yana gyangyaɗi. Sai da tsohuwar ta gaji ta jawo robar ta miƙa, ta ce, "Taurin kan uwarki kinka ɗauko, ba ki bar kome ba." Inna ta wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, ta shafa mata man tsamiya da hannunta, sannan suka kamo hanya.

A layinmu akwai Malama Helen, 'yar Zuru, mai koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. Ita da mijinta Enoch, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, sun daɗe suna haya a nan, kuma Helen na cikin masu sayen man Inna. Da ta ji abin da ya faru ta shigo da yamma da wasu 'yan siraran takardu a cikin kwali. Ta ce idan aka tsoma su a abu, launinsu na nuna ƙarfin tsaminsa. Ta tsoma ɗaya a ruwan tsamiyar Inna, ta nuna mata launin. Ta tsoma wata a ruwan da ya kwanta a gindin robar Hamida, sai takardar ta rine ta yi ja sosai.

Helen ta ce, "Mama, kin gani? Zafi ne ya narka man, asid ɗin ya rabu da shi ya taru a ƙasa. Hamida kusan tsantsarsa ta shafa. Kuma irin wannan yana sa fata ta kasa jure rana. Kamfanonin da ke sa shi a mai suna auna shi da ma'auni, su rage masa kaifi, su gwada, su rubuta gargaɗi. Ba a yin sa da cokalin shayi."

Inna ta riƙe takardun biyu tana kallo. Ta ce, "Ashe akwai abin da ke gani inda ido bai gani. Malama, nawa man fa? Shina da lahiya?"

Helen ta ce na tsamiya da sauƙi, amma shi ma kada a kai shi fuska ko kan rauni, kuma duk sabon mai saye ya fara gwadawa a ɗan wuri a cikin hannu ya ga yadda zai kwana. Ta ƙara da cewa lemun tsami da wasu ke matsawa a fuska su fita rana shi ma yana ƙona mutane. Inna ta sa aka kira Umaima ta ce a maimaita a gabanta. Ta kuma roƙi Helen ta bar mata sauran takardun. Tun daga ranar ba ta sauke tukunya ba tare da ta tsoma ɗaya ba, ko da yake har yau tana kiran su "'yan tsegumi."

Labari ya bazu cewa ruwan Sharif ya ƙona mutum, masu saye a wurinsa suka ja baya. Wata ranar kasuwa sai ga shi a zaure, wannan karon ba fara'a. Ya ce shi bai ce a zuba da yawa ba, an ɓata masa suna a banza. Sannan ya kawo maganar da ta girgiza gidan. Ya ce haɗa abu mai tsami da man shafawa ƙirƙira ce ta wani kamfanin waje da yake wakilta, sun yi mata rajista, doka ta ba su mallakarta. Duk mai yin irin wannan haɗi, ko da tsamiya ne, ba tare da ya sayi kaya ta hannunsu ba, ya ci haƙƙinsu, kuma ana iya kai shi kotu.

Inna Gudiya ba ta tsoron ciwo, ba ta tsoron faɗa, amma tana tsoron kotu, kuma ta fi tsoron haƙƙin mutum. Ba ta taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba ko da rakiya. Ta kife tukunyarta. Muka wayi gari shiru, ba ƙarar muciya. Mata na zuwa tana ce musu babu. Na shiga na same ta zaune tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Na ce, "Inna, yanzu don maganar mutum ɗaya za ki bar sana'arki?"

Ta ce, "In da gaske wani ya riga ni, ya wahala ya gano abu, hukuma ta ce nashi ne, ni ban cin haƙƙinai. Abin da ban gane ba, tsamiyar da ke bayan gidanmu ga Gumbin Kure, yaushe sunka zo sunka gan ta?"

Shehu ne ya kasa haƙuri. Ya ce gidan ya yi masa faɗi, matar da ke yi masa faɗa tun safe ta koma ba ta ce masa ko sannu da ƙarfi. Ya je ya sami Enoch bayan la'asar ya zayyana masa. Enoch ya ce shi ba lauya ba ne, amma yana da aboki lauya a Birnin Kebbi, zai tambaya. Bayan 'yan kwanaki ya zo da Helen, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, Inna na daga bakin ƙofa.

Enoch ya ce, "Mama, abin da ya faɗa akwai gaskiya a gefensa, amma ya ja ta ya kai inda ba ta kai ba. Gaskiya ne idan mutum ya ƙirƙiro sabon abu yana iya yi masa rajista, a hana wasu yin irinsa su sayar. Amma sai abin ya zama sabo. Kuma na wasu shekaru ne, ba har abada ba, kuma a ƙasar da aka yi rajistar yake aiki. Abin da mutane suka daɗe suna yi a fili, kowa ya sani, ba mai zuwa yau ya ce nasa ne. Abokina ya ce idan ya dawo ku ce ya kawo lambar rajistar da sunan kamfanin, a bincika."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. Amma Enoch bai gama ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin robobin ya nuna sitikar. Ya ce a nan ne matsala take. Wannan launi da wannan suna na wasu ne, kuma mai saye zai iya zaton kayansu yake saye. Wannan kam shiga haƙƙi ne. Ya kuma ce idan sana'ar za ta ci gaba da fita gari gari a cikin roba, ya kamata su nemi rajistar hukumar da ke kula da irin waɗannan kaya.

Inna ta juya ta dubi Umaima. Ta ce, "Ashe haƙƙin da nike tsoro yana nan liƙe ga robata." A yammacin nan suka zauna su biyu da ruwan ɗumi suna ɓare sitika, ni ma na shigo na taya su. Umaima ta tambaya wane suna za a sa yanzu. Inna ta ce a rubuta abin da ke ciki kawai, man kaɗe da tsamiya da kakin zuma, a rubuta kada a shafa a fuska, a sa sunanta don wanda abu ya sama ya san ƙofar da zai buga.

Sharif ya sake zuwa sau ɗaya. Shehu ya tarbe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce ya kawo lambar rajista. Ya ce zai turo ta waya. Ba a sake jin maganar ba, shi ma ya daina biyowa ta layinmu.

Hamida ta warke, sai dai wani ɗan duhu da ya rage a gefen wuyanta wanda ya daɗe kafin ya dushe. Duk tsawon jinyar Inna na zuwa gidansu da kunu, ta zauna ta taya ta tsince ragowar zare a jikin kayan da aka ɗinka don kada ɗinkin mutane ya tsaya. Uwar Hamida ta yi fushi da farko, ta ƙi amsa gaisuwa. Inna ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma kare kanta ba, har matar ta sauko da kanta.

Umaima ta daɗe ba ta taɓa tukunya ba. Uwar ba ta taɓa goranta mata ba, ko sau ɗaya ban ji ba. Wata rana dai ta ce da ita, "Abin da kinka so yi ba mugu ba ne. Sani ne ba ki da shi. Tahi ki nemo." Helen ta taimaka mata da karatu, ta sake zana jarrabawa, yanzu tana jami'a a Aliero tana karanta kimiyyar haɗa sinadarai. Idan ta zo hutu takan sa wa uwar safar hannu da tabarau kafin a fara aiki. Inna takan sa tabarau ɗin, safar kuwa ta ce tana hana ta jin laushin mai, sai an yi ta ja.

Gwiwa ta fara damunta, don haka yanzu a zaune take bugun mai, kuma ta buɗe ƙofa ga duk macen da ke son koyo. Matan aure daga Sabiyal da Maiyama kan zo su wuni, ta nuna musu kome ba ta ɓoye ba. Wata ta taɓa tambayarta ko ba ta tsoron su ƙwace mata kasuwa. Ta ce ƙafafun da ke tsagewa tsakanin Jega da Aliero sun fi ƙarfin tukunya ɗaya.

Kwanan baya ina gidan wata budurwa ta shigo, ta sunkuyar da kai ta ce biki ya matso, tana son abin da zai ɗan buɗe mata fuska da sauri. Inna ta ce ta matso. Ta kama haɓarta ta juya fuskar dama da hagu a cikin haske, ta daɗe tana dubawa kamar mai neman wani abu.

Ta ce, "Ni ban ga inda ta rufe ba. Wa ya ce maki ta rufe?"

Yarinyar ta yi dariya ta rufe baki da mayafi.

Inna ta ce, "Ki sha ruwa, ki yi barci, ki bar waya ta huta. Yanzu cire takalmin in ga ƙafa."